Wa Ke Gadin Ƙwayar da Muke Haɗiya?

Wanda ya sayi magani a babban kanti cikin GRA ta Katsina, inda na'ura ke busa sanyi kwalaye kuma na jere cikin gilashi, da wanda ya saya daga tiren mai talla a kasuwar Jibiya, babu ɗayansu da ya san abin da ke cikin ƙwayar da aka miƙa masa. Atamfa ana murza ta a gane ƙaryarta, gero ana ɗiba a tauna, amma magani sai ya shiga jiki ake sanin halinsa, wani lokacin ma ba a sani ba har abada, domin idan marar lafiya ya rasu cutar ake ɗora wa laifi. Kuɗi na iya sayen kanti mai tsabta da mai harhaɗa magani da ya yi karatu, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai shi ma mai kantin daga hannun dillali ya saro, dillalin kuma daga wani a Kano ko Legas ko Anacha, shi kuwa daga masana'antar da mai yiwuwa tana Indiya ko Sin, tunda kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan Najeriya daga waje ake shigo da su. A wannan doguwar tafiya, wanda ke tsakanin mai saye da guba hukuma ce kawai, wadda aka ɗora wa aikin gwaji da rajista da bin sawu. Shi ya sa nake ganin aikin ƙarfafa irin wannan hukuma, wanda ƙwararrun lafiya na ƙasa da ƙasa ke yi cikin taruka da tarin takardu, yana daga cikin ayyukan lafiya mafi amfani ga talaka, duk da cewa ba a yanka masa ƙyallen buɗewa kamar sabon asibiti.

Tarihin hukumar NAFDAC da gawarwakin yara ya fara. A 1990 yara 109 suka mutu a Ibadan da Jos bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake amfani da shi a masana'antu, wanda ke kashe ƙoda cikin 'yan kwanaki. Wannan na cikin abubuwan da suka sa gwamnatin soja ta kafa hukumar da doka ta 15 ta 1993. Kafa ta bai hana komai nan take ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an kai alluran rigakafi daga Najeriya a matsayin gudunmawa, daga baya aka gano jabu ne, babu sinadarin rigakafin a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 50,000 aka yi wa wannan allura, ta kuma danganta mutuwar kimanin 2,500 da ita. Masu kyautar da niyya mai kyau suka bayar, babu dai wanda ya gwada. A ƙarshen 2008 kuma maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, da aka haɗa a Legas, ya kashe yara 84, kuma sinadarin nan na 1990 ne ya sake dawowa. Ya sake bayyana a Gambiya a 2022 cikin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, yara kusan 70 suka tafi, ƙasar kuwa ba ta da ɗakin gwajin da zai gano shi, sai da aka tura samfura ƙasashen waje. Guba ɗaya ce ke yawo sama da shekara talatin, tana faɗawa duk inda ƙofa ba ta da mai gadi.

Abin da ya fi waɗannan yawa shi ne wanda ba ya shiga labarai. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ke ɗauke da rabin sinadarinsa ba ya kashe yaro a take. Zazzaɓin yakan lafa kwana biyu ya dawo, uwa ta sake saye, jini ya ƙare, a iso asibitin Turai 'Yar'aduwa a makare. Maganin kashe ƙwayoyin cuta mai rauni kuma horar da ƙwayoyin yake yi har su daina jin na ƙwarai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci, kuma kashi 42 cikin 100 na rahotannin da suka iso mata daga Afirka suka fito. A ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro na duniya, wannan ɗaya cikin goma ba ƙaramin adadi ba ne.

To mene ne ainihin abin da waɗannan ƙwararru ke yi? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni da take auna hukumomin magunguna da shi, mai matakai huɗu. Tawagar masu awo kan zo ta zauna da ma'aikata, ta bi tambayoyi sama da 250, ba kuma ta karɓar amsar baki sai an nuna shaida a rubuce. Ana duba yadda ake yi wa magani rajista, da yadda ake shiga masana'anta a bincika, da ko sakamakon ɗakin gwaji abin dogaro ne, da yadda ake tattara rahoton illar magani daga asibitoci, da yadda ake janye kaya daga kasuwa idan an gano lahani, da wanda ke ba da izinin gwada sabon magani a kan mutane. Duk inda aka ga giɓi sai a rubuta shi cikin tsarin gyara, a horar da ma'aikata, a dawo a sake awo. Mataki na uku na nufin hukuma ta zauna da gindinta, sassanta na aiki tare ba da sa'a ba. Tanzaniya ce ta fara kai shi a Afirka a 2018, Gana ta biyo a 2020, Najeriya da Masar suka samu a watan Maris na 2022, lokacin shugabancin Farfesa Mojisola Adeyeye. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na hukumomin duniya ne suka kai nan.

Akwai darasi a bambancin wannan da zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008. Jaruma ce, ƙanwarta ta rasu sanadin jabun allurar ciwon sukari, ta rufe kasuwanni, ta ƙone kaya a bainar jama'a, har aka harbi motarta a watan Disamba na 2003. Amma jarunta tana tafiya da mai ita. Bayan 'yan shekaru, a 2011, an cire hukumar daga tashoshin jiragen ruwa, ba ta koma ba sai 2018, kuma a tsakanin nan ne taramol da kodin suka cika unguwannin Kano da Katsina, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 bayan wani binciken BBC. Abin da ma'aunin ke nema shi ne tsarin da zai ci gaba da aiki ko da wanda ke kan kujera ba jarumi ba ne, kuma mafi yawan masu hawa kujera ba jarumai ba ne.

Mutumin Arewa yana da dalilin ɗaga gira idan ya ji an ce baƙi sun zo su gyara mana harkar magani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwaji da yara 200 a Asibitin Zana na Kano, rabinsu aka ba sabon maganinsa Trovan, yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa doka, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zafin wannan na cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wannan zargi da ake yi wa baƙi ba shirme ba ne. Amma idan aka dubi lamarin da kyau, abin da ya faru a Kano ya yiwu ne saboda babu hukuma mai ƙarfin da za ta ce a dakata, a kawo takardu, a nuna yardar iyaye a rubuce. Sa ido kan gwajin magani a jikin mutane na ɗaya daga cikin abubuwan da ake aunawa yau. Wanda ke tsoron kamfanonin waje ya fi kowa buƙatar hukumar gida mai iya ce musu a'a, da ɗakin gwajin da zai buɗe kwalbar rigakafi ya faɗa wa jama'a abin da ke ciki ba tare da jiran Turai ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ta fito daga aljihu. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kamfanin GSK kuma ya naɗe tabarmarsa a shekarar, farashin wasu magunguna ya ninka sau da yawa. Mutumin ƙauyen Batsari ko Safana, inda rashin tsaro ya kori ma'aikatan asibiti da dama, mai kemis ne likitansa, shi ake ce wa ya haɗa na ɗari biyar. Idan hukuma ta zo da kwaɗo ta rufe shagon, me aka bar masa? Gaskiya ne, dokar da ba ta san komai ba sai rufewa tura mutane take yi wajen mai tire. Amma magani marar sinadari ba shi da araha ko nawa aka saye shi, tunda sai an sake biya, wani lokaci da rai. Kuma hukuma mai ƙarfi na iya sauke farashi. Idan ta amince da binciken da wata amintacciyar hukuma ta riga ta yi, rajistar da kan ci shekaru sai ta ragu zuwa watanni, masu gasa su ƙaru. Idan duniya ta yarda da hatiminta, masana'antun gida na samun kasuwa: kamfanin Swipha na Legas ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2024 kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu juna biyu, wanda hakan ya buɗe masa ƙofar sayar wa manyan masu ba da agaji. Masu kemis kuwa, waɗanda hukumar kula da masu harhaɗa magani, PCN, ke ba lasisi, horo da amintacciyar hanyar sari suka fi buƙata. Mafi yawansu ba masu haɗa jabu ba ne, su ma sayar musu ake yi.

A nan ne batun sari ya zama zuciyar magana. Shekaru da yawa Sabon Garin Kano ne rumbun maganin Arewa maso Yamma da kudancin Nijar, kwalaye jibge cikin zafin da ke lalata ko da magani na ƙwarai. A watan Fabrairu na 2024, bayan hukuncin kotu, NAFDAC da PCN suka rufe shaguna sama da dubu ɗaya don tilasta wa dillalai komawa kasuwar magunguna ta Dangwauro a kan hanyar Zariya, inda jami'ai ke da ofis a ciki. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna, kuma kukansu ya cancanci a saurara. Duk da haka, ga mai kemis a Ƙofar Ƙaura ko Dutsin-ma, ƙofa ɗaya da ake duba kaya kafin su fita ta fi masa amfani a kan kowane samame da za a kai shagonsa.

Masu cewa takardar yabo daga Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana jabu yawo a kasuwar ƙauye suna da gaskiya, kuma bai kamata a yi musu musu ba. Ma'aunin tsarin hukuma yake aunawa, ba kowane kwali ba. Lambar da ake kankarewa a tura saƙo don tantance magani, wadda aka fara a 2010, tana amfanar mai karatu da waya ne kawai. Samfurin da aka ɗauka a Katsina sai ya yi tafiya zuwa ɗakin gwaji a Kaduna ko Legas. Sannan wani ɓangare na horo da kayan aikin da suka kai hukumar mataki na uku da kuɗin agaji aka yi shi, ciki har da na Amurka, wadda a 2025 ta rushe hukumar agajinta ta USAID ta kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Taimakon waje ya yi amfani ne kawai idan ya bar ma'aikata da ɗakunan gwaji da kasafin gwamnati zai ci gaba da ɗauka. Jihar da ke sayen magani mai yawa don asibitocinta, kamar Katsina, tana iya sa wa kanta sharaɗin gwada samfur kafin ta biya ɗan kwangila, kuma wannan bai buƙatar izinin kowa daga waje.

Saura iyaka. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma bayan ƙofofin Jibiya da Kwangwalam akwai ɗaruruwan hanyoyin babur da kwastan ba sa gani. Kwali na tsallakawa ta kowane ɓangare, kamar yadda allurar 1995 ta tsallaka. An kafa Hukumar Magunguna ta Afirka don irin wannan, yarjejeniyarta ta fara aiki a watan Nuwamba na 2021, hedikwatarta na Kigali, amma har yanzu ƙafa take dasawa. A watan Janairu na 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, wadda ta kasance inuwar da hukumomin magunguna na yankin ke daidaita ƙa'idojinsu a ƙarƙashinta. Idan jami'i a Katsina ya gano gurɓataccen maganin yara yau, yana buƙatar hanyar da gargaɗin zai isa asibitocin Maraɗi da Ɗan Isa a ranar, ko gwamnatocin biyu na ga-maciji ko ba sa yi.