Hamayya da Dattako a Tseren Babura: Daga Hamadar Agadas zuwa Filayen Turai

A Yelwa da sauran unguwannin Jalingo, da ƙauyukan da ke kewaye da su, an san babur ne a matsayin abin neman abinci, wanda yake kai manomi gona ya komo da buhun masara ɗaure a baya, ko da yake an daɗe da taƙaita zirga-zirgarsa a cikin gari saboda dalilan tsaro, har Keke Napep ya gaje manyan tituna. Abin da ya fi kama da tsere a wurin mutanen Arewa shi ne wasan da samari kan yi wajen rakiyar ango, inda ake murɗa totur ana ɗaga tayar gaba, ba alƙali, ba hular kwano, ba kuma wanda ake ƙirga wa maki. A wasu ƙasashe kuwa tseren babura sana'a ce mai dokoki da kambu da maƙudan kuɗi, kuma ba ta yi nisa da mai babur na Taraba kamar yadda zai zata ba, domin kamfanin Bajaj na Indiya, mai ƙera Boxer ɗin da 'yan acaɓa suka fi hawa, yana da hannun jari a kamfanin KTM na Ostiriya tun 2007, KTM ɗin kuma shi ne ya lashe gasar Dakar ta babura sau 18 a jere, daga 2001 zuwa 2019.

Abin da ya raba wannan wasa da yawancin wasanni shi ne cewa ran kowane ɗan tsere yana hannun mutumin da ya fi kowa son ya ga an kayar da shi. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, mai babur kuwa jikinsa ne a fili, saboda haka idan biyu suka shiga kwana kafaɗa da kafaɗa, kowannensu ya dogara ne da cewa ɗan'uwansa zai bar masa 'yar tazarar da zai tsira da ita. Wannan ne ya sa dattako, wato kiyaye mutuncin abokin karawa da lafiyarsa ko da za a yi asara, ya zama sharaɗin da gasar kanta take tsaye a kansa, kuma tarihin manyan gwanaye ya nuna yadda yake ɗorewa a inda doka ta mara masa baya, yake kuma tsinkewa a inda aka bar shi ga halin mutum kawai.

Ƙasar da ake jin Hausa ta ga wannan da idonta. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata da babur ɗinsa a hamada yayin wani tsere da ya taso daga Abijan, bayan an ceto shi kuma ya ƙudura shirya gasar da za ta ratsa Sahara, wato gasar Dakar. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka bar Faris, suka bi ta Aljeriya da Tamanrasset da Agadas da Yamai da Gao da Bamako, 74 kacal suka isa Dakar, Cyril Neveu kuma ya zo na ɗaya a kan Yamaha. Gasar ana yin ta ne zango-zango, kowace rana a auna lokacin da mutum ya ɗauka, a ƙarshe a tara, mai ƙarancin lokaci shi ne zakara. Ba a shata wa kowa hanya da tuta, a wancan zamani kuma ana ba shi doguwar takarda mai alamomi wadda yake naɗewa a gabansa yana karantawa yana gudu. A 1983 guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40 a hamadar Tenere, aka shafe kwana huɗu ana nemansu da jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su duka. Agadas ta zama babbar mashiga ta wannan gasa, har a 1997 aka tsara hanyar daga Dakar zuwa Agadas a komo Dakar.

Hamayyar da ta fi fice a wancan zamani ita ce ta Neveu da Hubert Auriol, wanda aka haifa a Adis Ababa, ya kuma ci gasar a 1981 da 1983. A 1987 su biyun suka ratsa Nijar da Mali da Muritaniya suna bin juna da tazarar mintuna, Auriol a kan Cagiva, Neveu a kan Honda. A zango na kusa da ƙarshe, a arewacin Senegal, Auriol yana kan gaba sai ya bugi kututturen itace, idon sawunsa biyu suka karye, ƙashi ya fasa fata. Aka taimaka masa ya koma kan babur, ya yi tafiyar kusan kilomita 20 a haka har ya kai ƙarshen zangon, aka sauke shi yana kuka don zafi, a nan kuma ya bayyana cewa ya bar hawan babur. Neveu ya karɓi kambunsa na biyar. Nasarar da ta zo ta wannan hanya takan bar ɗaci tsakanin mutum biyu har abada, amma su sai suka haɗu suka fitar da littafi guda a kan wannan tsere, Auriol kuma ya koma mota ya ci gasar a 1992, daga baya ya zama shugaban shirya ta.

Masu shirya Dakar sun gane tun da wuri cewa a jeji mutum na farko da zai iske wanda ya faɗi abokin hamayyarsa ne, likita sai daga baya. Don haka doka ta wajabta tsayawa ga wanda ya ji rauni, ta kuma tanadi cewa duk mintunan da mutum ya ɓata wajen taimako za a mayar masa, ana tabbatar da su ta na'urar da ke nuna inda kowane babur yake. Tsarin ya yi kama da al'adar ayarin gishirin Bilma, wanda ba ya barin matafiyi a bayan tudu don kawai yana jinkirta tafiya. Hikimar dokar ita ce ta cire wa ɗan tsere zaɓi tsakanin kambu da tausayi, ta yadda mai kirki ba zai biya kuɗin kirkinsa ba.

Duk da haka doka ba ta rufe kowace ƙofa ba. Daga 2005 zuwa 2015 mutum biyu ne suka raba kambun babura a tsakaninsu, Cyril Despres na Faransa da Marc Coma na Sifaniya, kowanne sau biyar, dukansu a kan KTM, ban da 2008 da aka soke gasar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, abin da ya sa ta ƙaura zuwa Kudancin Amurka. A 2012, a zango na takwas a ƙasar Cile, Despres ya nutse a cikin laka da ba a nuna ta a takardar hanya ba, Paulo Gonçalves na Fotugal, wanda shi ma ya maƙale a wurin, ya taya shi fitar da babur, Despres kuma ya tashi ya wuce ya bar shi a ciki. Ba wanda ya ji rauni, don haka bai karya doka ba, an kuma mayar wa waɗanda suka maƙale lokacinsu, abin da bai yi wa ɓangaren Coma daɗi ba. Despres ya ci gasar shekarar, amma hoton bidiyon wannan laka ya bi sunansa, kuma masu sukarsa suna da hujja, domin taimakon da ka karɓa bashi ne ko ba a rubuta shi a littafin dokoki ba.

Gonçalves ɗin nan shi ne a 2016, yana kan gaba a gasar gaba ɗaya, ya iske Matthias Walkner na Ostiriya ya karye a cinya, ya tsaya da shi fiye da minti goma har masu ceto suka iso. Ranar 12 ga Janairu 2020, a karon farko da aka yi gasar a Saudiyya, shi ma ya faɗi a zango na bakwai tsakanin Riyad da Wadi ad-Dawasir, wanda ya fara iske shi kuwa Toby Price ne na Ostireliya, mai riƙe da kambu a lokacin, ya zauna da shi fiye da sa'a guda ana ƙoƙarin farfaɗo da shi. Gonçalves ya rasu yana da shekara 40, aka soke zangon babura na washegari. Bayan shekara ɗaya Price ya faɗi ya ji rauni, abokan hamayyarsa Ricky Brabec da Sam Sunderland suka tsaya masa.

Akwai wani gefe na wannan tarihi da mai karatu ɗan Afirka ya cancanci a faɗa masa. Kulawar da 'yan tsere suke nuna wa junansu ba koyaushe ta kai ga mutanen garuruwan da ake ratsawa ba, domin motocin gasar sun sha kashe mazauna ƙauyuka, kuma a 2006 kaɗai yara maza biyu suka rasa rayukansu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Ba a iya kiran gasa mai dattako ƙwarai idan lissafinta ya tsaya ga masu lamba a ƙirji.

A gasar duniya ta kan kwalta, wadda aka fara a 1949, ake kuma kiran babban ajinta MotoGP, yanayin daban ne. Ana zagaya fili ɗaya sau ashirin da wani abu, baburan suna wuce gudun kilomita 350 a sa'a, na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 20, na uku 16, a tara a ƙarshen shekara. A nan ba a buƙatar kowa ya tsaya wa kowa, tunda likitoci suna bakin hanya, saboda haka dattako yana bayyana ne a cikin ƙiftawar ido, a yadda mutum ya taka birki da inda ya sa tayarsa. Hatsarin da ke ciki ya bayyana a filin Sepang na Malesiya ranar 23 ga Oktoba 2011, lokacin da Marco Simoncelli, ɗan shekara 24, ya zame ya faɗo gaban masu biye da shi, baburan Colin Edwards da Valentino Rossi suka buge shi ba tare da sun sami damar kaucewa ba, ya rasu. Rossi amininsa ne na ƙut da ƙut.

A wannan fili dai, bayan shekara huɗu, aka yi rikicin da har yau bai mutu ba. Rossi ɗan Italiya ya zo Sepang a Oktoban 2015 yana gaban Jorge Lorenzo da maki 11, yana neman kambunsa na goma, sai ya fito gaban 'yan jarida ya zargi Marc Márquez, wanda ya riga ya fita daga lissafin kambu, da cewa da gangan yake tare masa hanya don ya taimaki Lorenzo, ɗan ƙasarsu Sifaniya. Ranar tsere su biyun suka yi ta wuce juna kamar zagayen ƙarshe ne, a zagaye na bakwai kuma, a kwana ta 14, Rossi ya sassauta gudu, ya waiwayi Márquez, ya tura shi can gefen hanya, suka gogi juna, ƙafar Rossi ta bar matakinta, Márquez ya faɗi. Alƙalai ba su tabbatar da cewa shuri ne ba, amma sun same shi da laifin kore abokin tsere daga hanya da gangan, hukuncin kuma ya sa ya tashi daga sahun ƙarshe a tseren rufewa na Balensiya. Daga can baya ya kutso har na huɗu, Lorenzo ya zo na ɗaya, Márquez yana bayansa bai wuce shi ba, kambu ya tafi ga Lorenzo da maki 330, Rossi yana da 325.

Adalcin magana shi ne kowannensu yana da nasa kason laifi. Rossi ya ɗauki zargin da ba shi da hujjar da za ta tabbatar da shi ya kai shi bainar jama'a, sannan ya ɗauki hukunci a hannunsa a kan hanya, Márquez kuma ya matsa wa mai neman kambu matsi irin wanda doka ba ta hana ba amma al'adar 'yan tsere take ƙyama. Littafin dokoki bai ce komai a kan wannan al'ada ba, shi ya sa alƙalai suka hukunta abin da ido ya gani suka bar abin da ya haifar da shi. A 2018 a Ajantina Márquez ya sake buge Rossi ya faɗi, ya je rumfarsa ba da haƙuri, mutanen Rossi suka mayar da shi.

Gasar 2024 ta nuna cewa zafin hamayya ba dole ne ya zama gaba ba. Francesco Bagnaia na Italiya da Jorge Martín na Sifaniya sun yi ƙungiya ɗaya tun suna samari a ƙaramin aji, a 2015 da 2016, sannan suka yi shekara biyu a jere suna fafatawa a kan babban kambu har tseren ƙarshe. Bagnaia ya ci na 2023. A 2024 ya lashe manyan tsere 11, Martín uku kawai, amma faɗuwar da Bagnaia ya riƙa yi ta cinye masa maki. Da ambaliya ta hallaka mutane fiye da 200 a yankin Balensiya, Bagnaia ya ce bai yarda a yi tseren rufewa a can ba ko da hakan zai sa ya rasa kambu, alhali shi ne yake baya, shi ne kuma soke tseren zai fi cutarwa. Aka mayar da shi Basalona. A can yana iya sassauta gudu ya tara babura a kan Martín ko wani ya kayar da shi, dabarar da doka ba ta hana ba, amma bai yi ba, ya yi gaba ya ci tseren, Martín ya zo na uku ya ɗauki kambu da maki 508 a kan 498.

Bagnaia ɗalibi ne na makarantar horar da matasa da Rossi ya kafa, don haka magoya bayan Rossi suka ɗauke shi magajin rikicin 2015. Da 'yan kallon Italiya suka yi wa Márquez ihu a filin Misano a 2024, Bagnaia ya nuna a fili cewa bai yarda da hakan ba. A 2025 kamfanin Ducati ya haɗa su a rumfa ɗaya, Márquez ya ci kambun shekarar bayan doguwar jinyar hannun da ya karya a 2020, ƙaninsa Álex Márquez ya zo na biyu.