Tsintar Ganye da Laimar Kwaɗi a Birnin Kano

Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa har da gonaki da kududdufai da filaye masu faɗi, musamman wajen Goron Dutse da Ƙofar Kabuga. Saboda haka Bakanon dā bai rabu da sanin tsiro ba, ko da a tsakiyar birni yake. Damina na kankama, lokacin da hatsin bara ya ja baya sabo kuma bai nuna ba, sai mata da yara su ɗauki ƙorai su bi gefen gonaki da gindin badala suna tsinko tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya.

Wannan aiki na ido ne da hanci. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, furensu duka ruwan ɗorawa, amma tsohuwa ba ta ruɗewa. Ganyen tafasa biyu-biyu yake jeruwa sahu uku, bakinsa a zagaye, da yamma kuma yana naɗewa. Na rai-ɗore kuwa mai tsini ne, in aka murza shi sai ya tashi da wari, shi ya sa aka bar wa masu magani shi. Kaka za ta miƙa wa jikarta ganyen ta ce, "Murza ki sansana, 'yar nan. Kama da wane ba ta wane." Tafasar da aka tabbatar sai a dafa, a tsane ruwan, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono.

A cikin marka, wajen watan Agusta, laimar kwaɗi kan ɓullo dare ɗaya a kan juji da ruɓaɓɓen icce da ƙasa mai danshi. A nan al'adar birni ta yanke hukunci mai tsauri: ba a kai ta tukunya, yaro kuma in ya taɓa sai a sa shi ya wanke hannu. Ba duka ce mai dafi ba. Akwai naman kaza da ke fitowa a jikin suri, wanda gara ce ke renonsa a cikin gidanta, kuma mutanen kudancin Kaduna da na jihar Neja suna miya da shi. Sai dai su sun gaji saninsa, kamar yadda Kanawa suka gaji sanin tafasa. Wasu masu dafin farare ne tas, da zobe a wuya da 'yar jaka a gindi. Tafasawa ba ta kashe dafinsu, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan sa'o'i, lokacin da ya riga ya kama hanta.

Yau gine-gine sun cinye yawancin filayen, ganyen ma daga ƙauyuka ake kawo shi Kasuwar Rimi da Kurmi. Yara da yawa sun san ɗanɗanon kwaɗo amma ba su san tsiron a tsaye ba. Wannan ilimi ya rufa wa gidaje asiri a shekarun fari irin na 1973, bai kamata ya tafi da tsofaffi ba. Duk mai kaka a raye, ya bi ta gona a daminar bana, ta nuna masa abin ci da abin bari.