Ciwon Dajin Maza In Ya Kai Ga Ƙashi: Abin Lura Daga Jinyar Shugaba Mitterrand

A cikin watan Mayu na 1981 ne mutanen Faransa suka zaɓi Francois Mitterrand ya zama shugaban ƙasarsu. Shekarar ba ta ƙare ba sai ciwon baya da na ƙafa suka matsa masa lamba. Da likitoci suka bincike shi a watan Nuwamba, sai suka tarar ciwon daji ne, har ya riga ya kama ƙasusuwansa. Aka rufe maganar, jama'a ba su ji cewa yana da ciwon ba sai a 1992, sa'ad da aka yi masa aiki. Duk da haka ya cika shekara 14 a kan mulki, ya sauka a 1995, ya rasu ran 8 ga Janairu, 1996, yana da shekara 79. Bayan rasuwarsa ne likitansa, Claude Gubler, ya bayyana asalin lokacin da aka gano ciwon.

Ciwon da ya kama shi, shi ne dajin da ya fi kowane yawa a tsakanin mazan Nijeriya, kuma akasarin masu shi ba su isa asibiti sai ya yi nisa kamar nasa. Don haka labarin jinyarsa abin dubawa ne.

INDA CIWON YAKE FARAWA

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka mai girman goro, wadda likitoci ke kira furostet. Ta kewaye hanyar fitsari, aikinta kuwa shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi. A nan ciwon yake tsirowa, galibi bayan mutum ya haura shekara 50. Ya fi kama baƙar fata: a Ingila an ƙiyasta cewa namiji ɗaya cikin 8 zai same shi, amma a cikin baƙaƙe ɗaya ne cikin 4. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, haɗarinsa ya fi na saura.

Muguntar wannan ciwo ita ce yakan daɗe yana girma ba tare da wata alama ba. In ya yi nisa, watau mataki na 4, sai ya bi jini da kaluluwa ya sauka a ƙashin baya, da ƙugu, da haƙarƙari. A lokacin ne majinyaci zai fara jin ciwon baya wanda ba ya lafawa ko da ya kwanta, ga rama, ga kasala, wani lokaci da riƙewar fitsari ko jini a cikinsa. Dattawa da yawa kan ɗauka tsufa ne ko sanyin ƙashi, kunya kuma ta hana su faɗa, har watanni su shige ana ta shafe-shafe.

MAGANIN DA KE RIƘE SHI

In ciwon ya kai ƙashi, wuya ne a raba mutum da shi ɗungum, amma ana iya danne shi. Wani likita a Jami'ar Shikago ta Amurka, Charles Huggins, ya nuna a 1941 cewa wannan daji yana rayuwa ne da sinadarin mazakuta da maraina ke fitarwa, in aka yanke masa shi sai ya lanƙwashe. Saboda wannan bincike aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1966. A kan wannan hanya aka yi jinyar Mitterrand, har yau kuma ita ce ginshiƙi: ko dai a yi ƙaramin aiki a cire maraina, ko a riƙa yin allura kowane wata ko kowane wata uku.

Maganin yana da nasa nauyi. Sha'awa takan ragu, zafi da gumi su riƙa taso wa mutum, ƙashi ya yi rauni. Bugu da ƙari, bayan wani lokaci ciwon yakan daina jin maganin. To, a nan ne majinyatan yau suka fi Mitterrand sa'a, domin an amince da dosetaksel a 2004, da abirateron a 2011, da enzalutamid a 2012, dukkansu kuma an tabbatar suna ƙara tsawon kwana. Ana kuma gasa ƙashin da ke ciwo da na'ura, a ba da maganin raɗaɗi mai ƙarfi irin su mofin. Ba kowa ke kaiwa shekarun da Mitterrand ya yi da ciwon ba, amma da yawa sukan shekara suna harkokinsu.

ALAMAR DA BA TA JIRA

Akwai abu guda da ya wajaba iyalin majinyaci su sani. In ciwon da ke ƙashin baya ya danne laka, ƙafafu za su yi nauyi ko su mutu, fitsari da bayan gida su ƙwace. Wanda aka ga haka gare shi, a kai shi asibiti a ranar, domin jinkirin kwana biyu na iya zama sanadin da ba zai sake takawa ba.

Gano ciwon kuwa yana farawa ne da gwajin jini da ake kira PSA, da dubawar likita, sa'an nan a ɗebi ɗan ɓangaren tsokar a auna. Likitoci na shawartar baƙar fata su fara neman wannan gwaji tun daga shekara 45. Ciwon da aka kama tun yana cikin furostet, sau da yawa aiki ko gashi na warkar da shi sarai. Dattijon da ya kwana biyu yana kukan baya, ya kamata 'ya'yansa su kai shi a auna jininsa, ko da fitsarinsa lafiya lau yake.