Kayan Ƙirar Da Aka Gada

'Yar'uwa, musamman ke matar gidan maƙera a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, in kina share ɗakin marigayi kika tarar da ƙarafa masu tsatsa, kada ki tura yaro kiran mai jari-bola.

Dunƙulen nan mai nauyi da ake kafewa a ƙasa, uwar maƙera ke nan, a kanta ake dukan ƙarfe da masaɓa. Mai baki biyu kamar almakashi awartaki ne, na ɗauko jan ƙarfe daga wuta. Busasshiyar fatar akuyar nan ma ba shara ba ce, zugazugi ce. In kuwa kayan ƙanana ne sirara, wataƙila na maƙerin fari ne, mai ƙera zoben azurfa.

Da haƙƙin magada a ciki. Maigida ya kirawo Sarkin Maƙera ya yi musu kuɗi kafin rabon gado.