Jikokin Fataken Gwanja Da Wasan Nijeriya Da Gana

Tun kafin zuwan mota, fataken Kano kan ratsa ƙasar Kontagora, inda Mashegu take a yau, su ƙetare kogin Kwara su faɗa Bargu, sa'an nan su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta wata da watanni a ƙasa, madugu yana ja-gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, a komo da goro.

Amma ba duka suka komo ba. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, da yawansu suka bazu, har suka zauna a zangunan Kumasi da Akara. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, waɗansu haifaffun can suka iso Nijeriya ba su san kowa ba.

Jikokin waɗanda suka tsaya kuwa, wasan ƙwallo kan sa su tsaka mai wuya. A watan Maris na 2022 Gana da Nijeriya suka kara don neman zuwa gasar cin kofin duniya. A filin Baba Yara na Kumasi aka tashi ba ci, a Abuja kuwa 1-1, Gana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. Cikin 'yan wasanta har da Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Akara, mai jin Hausa.

Ranar nan ɗan zango ya yi murna da Hausa, ɗan'uwansa na Mashegu ya yi jimami da Hausa.