Man Leɓe Mai Ƙamshi: Ƙaramar Sana'a Don Lokacin Hunturu

Jama'a, ga hunturu ya ƙarato. Amfanin gona ya shiga rumbu, iska kuwa za ta fara busowa daga arewa da ƙura da sanyi. Kowa ya san aikinta: ƙafa ta yi faso, jiki ya yi furu-furu, leɓe ya tsage har ya fid da jini. Yara ba su iya dariya, babba kuma in miya mai yaji ta taɓa masa baki sai ya ji kamar wuta. Fatar leɓe ba ta da kauri, ba ta kuma fid da maiƙo kamar sauran jiki. Lasa ba ta magani, gama yawu yana bushewa sai tsagewar ta ƙaru.

Shekara da shekaru muna kai kuɗinmu kanti don sayen man shafawa, alhali kayan haɗa shi suna gidajenmu. Matanmu suna da man kaɗe, muna matse gyaɗa, masu amya kuma sukan zubar da saƙa bayan sun tace zuma. A cikin saƙan nan ne kaki yake, shi ne kuwa ke sa man ya daskare, ya zauna a leɓe ya tare iska.

GYARAN KAKI

A zuba saƙar cikin ruwa a tukunya marar tsatsa, a ɗora a wuta har ta narke. A tace da tsumma mai tsabta cikin wani kwano, a bar shi ya kwana. Da safe za a tarar kaki ya daskare a bisa ruwan. A ɗauke shi, a kankare dattin da ke ƙarƙashinsa, a shanya shi a inuwa ya bushe sarai.

SA ƘAMSHI

Ƙamshi cikin man gyaɗa ake sa shi tun kafin a haɗa. A sami busasshen ɓawon lemon zaƙi ko busasshen ganyen na'ana'a cike da cokali 2, a zuba cikin man gyaɗa rabin gwangwanin madara. A sa kwanon man cikin tukunyar ruwan zafi, wuta kaɗan kaɗan, kamar awa 1, sa'an nan a tace. Lalle ganyen ko ɓawon ya bushe ƙayau, domin danshi shi ke kawo fumfuna. Mai son kanumfari ya sa ƙwaya 2 ko 3 kawai, fiye da haka yana yin zafi a leɓe. Kirfa ma haka take. Ɓawon lemon tsami kuwa a bar shi, gama yakan sa fata ta ƙone idan rana ta buge ta.

HAƊAWA

Ga ma'aunin da muke bi, da babban cokali:

Kaki gogagge, cokali 1
Man kaɗe tatacce, cokali 1
Man gyaɗa mai ƙamshi, cokali 2

A fara sa kaki da man gyaɗa cikin kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi. Kada a ɗora shi kai tsaye bisa wuta, gama kaki yana kama wuta kamar mai. Kaki yakan narke idan zafi ya kai wajen digiri 63, wato tun ruwa bai tafasa ba. Da ya narke sai a sa man kaɗe, a juya har su zama ɗaya, a sauke. A ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi, a taɓa da yatsa. In ya yi tauri a ƙara mai, in ya yi ruwa a ƙara kaki. Sai a zuba cikin ƙananan gwangwanaye busassu, a ajiye su kusa da randa su huce da sauri. Idan man kaɗe ya daɗe bai huce ba yakan yi tsaki-tsaki kamar yashi. Wannan ma'auni zai cika gwangwanaye kamar 10. Wanda za a yi don bazara a ƙara masa kaki, don kada ya narke a aljihu.

ME YA SA KAƊAN KAƊAN?

Mu ma da kuskure muka koya. Farkon gwajinmu muka cika kwano babba, muka kuma zuba zuma don ya yi zaƙi. Ashe zuma ba ta haɗuwa da mai. Bayan kwana biyu ta taru a ƙasan gwangwani, tururuwa suka samu, kakin da muka tara duka ya tafi a banza. Da cokali huɗu muka gwada, da hasarar ba ta kai haka ba. Da ma an ce, da rarrafe yaro kan tashi.

Ban da haka, man gyaɗa yakan canza wari idan ya daɗe. Gara a yi abin da zai ƙare cikin hunturu ɗaya. Yin kaɗan kuma yana nuna mana ƙamshin da masu saye suka fi so kafin mu zuba jarin ƙungiya.

A KULA

Kada a yi amfani da tsohon gwangwanin man zafi, warinsa ba ya fita. Kowa ya riƙe nasa gwangwani, domin ƙurajen baki suna yaɗuwa daga wani zuwa wani. Akwai waɗanda jikinsu ba ya son gyaɗa, saboda haka a faɗa wa mai saye abin da ke ciki, ko a yi masa da man kwakwa. Idan kuwa gefen bakin yaro ne ke tsagewa ba ya warkewa, mai yiwuwa ƙarancin abinci mai gina jiki ne ko ƙarancin jini. Wannan ba aikin man shafawa ba ne, a kai shi asibiti.

ZANCEN SAYARWA

A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya zuwa ƙasashen waje na wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida. Wannan ya tuna mana cewa ribar kaɗanya tana wurin mai sarrafawa. Amma ƙungiyar da ke so ta liƙa suna ta kai kanti, ta sani man shafawa yana ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, sai an yi rajista. Kafin a kai nan, ma'aji ya rubuta kuɗin kaki, da mai, da gwangwani, da itace, har da ladan masu aiki, sa'an nan a yanka farashi.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ware yini ɗaya kafin iska ta yi ƙarfi, mata su zo da man kaɗe, masu amya su zo da kaki, a gwada. Ku rubuto mana yadda kuka ƙare.