Yadda bishiyar balasan ta Makka ta ƙare da sunan wani yanki na Jodan

A tsaunukan Hijaz da ke tsakanin Makka da Madina akwai wata gajeruwar bishiya mai siraran rassa da ƙananan ganye, wadda Larabawa ke kira basham. Idan aka tsaga ɓawonta sai wani ƙaro mai ƙamshi ya tsattsafo. Shi ne balasan, wanda fatake suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kai wa Masar da Turai da sunan balasan Makka.

Sai dai wanda ya nemi bishiyar a kundin tsirrai na cibiyar Kew da ke Landan ba zai ga sunan Makka a jikinta ba. Sunan da masana suka amince da shi a yau shi ne Commiphora gileadensis, wanda ke danganta ta da Gileyad, wani yanki mai tuddai a ƙasar Jodan inda bishiyar ba ta fitowa da kanta. An shafe shekara 158 ana sauya mata suna kafin a tsaya a kan wannan, daga 1764 zuwa 1922.

Ƙaron da aka sani kafin a san bishiyarsa

Mutanen dā sun san ƙaron balasan tun kafin su san itacen da ke ba da shi. Marubutan zamanin Rumawa sun ba da labarin gonakinsa a kusa da Yariko, kuma masanin tarihi Josephus ya rubuta cewa Sarauniyar Saba ce ta kawo wa Annabi Sulaiman irinsa. Attaura ma ta ambaci wani magani da ayarin fatake ke ɗaukowa daga Gileyad zuwa Masar. Daga nan ne Turawa suka ɗauka cewa maganin Gileyad da balasan abu ɗaya ne.

A zamanin daulolin Musulunci, gonar balasan da ta fi shahara tana Matariyya, a gefen Alƙahira. Malamin nan Abdullaɗif al-Bagdadi ya bayyana ta a wajajen shekarar 1200, kuma sarakunan Mamluk sun riƙa aika man da ake tatsa a cikinta ga sarakunan wasu ƙasashe a matsayin kyauta. Idan itatuwan suka mutu, daga ƙasar Larabawa ake kawo wasu a dasa.

A Masar ne Turawa biyu suka ga bishiyar a ƙarni na 16: Bafaranshe Pierre Belon, da likitan Italiya Prospero Alpini, wanda ya wallafa littafi a kanta a 1591. Dukansu sun ga dasashe ne a cikin lambu. Gonar Matariyya ta mutu a farkon ƙarni na 17, aka bar malaman Turai da kwatance da zane kawai.

Asalin inda ake samun ƙaron kuwa, matafiyin nan ɗan Switzerland, Johann Ludwig Burckhardt, wanda ya bi hanyar Makka zuwa Madina a farkon 1815, ya ce a Badar da Safra ne kaɗai ake samun tsantsarsa a Hijaz. Ya ce makiyaya kan tsaga ɓawon a tsakiyar lokacin zafi, su kwashe ɗigon da farce, sannan 'yan kasuwa su gauraya shi da man riɗi. Makka ita ce kasuwar da alhazai ke sayensa su wuce da shi ƙasashensu, shi ya sa sunanta ya bi shi.

Reshe guda a cikin wasiƙa

A watan Janairun 1761 wata tawaga ta mutum shida ta tashi daga Copenhagen bisa umarnin Sarki Frederik na Biyar na Denmark, domin binciken ƙasar Larabawa. Masanin tsirran tawagar shi ne Peter Forsskål, ɗalibin Carl Linnaeus, malamin Sweden da ya kafa tsarin sunayen halittu da ake amfani da shi har yau. Neman bishiyar balasan na cikin abubuwan da ake jiran tawagar ta yi.

Sun isa Jidda a watan Oktoban 1762 a jirgin ruwan mahajjata daga Suez. Da yake ba Musulmi ba ne, babu damar su shiga Makka, sai suka gangara kudu zuwa Yemen. A can ne, cikin watan Afrilun 1763, Forsskål ya ci karo da bishiyar tana fure a kan hanya tsakanin Ta'iz da Hays. Ya yanki reshe ya aika wa malaminsa tare da wasiƙa.

Bai ga sakamakon aikinsa ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a garin Yarim ranar 11 ga Yulin 1763, yana da shekara 31. Cikin mutum shidan, Carsten Niebuhr ne kaɗai ya koma gida da rai a 1767, kuma shi ya wallafa rubuce-rubucen Forsskål kan tsirran Masar da ƙasar Larabawa a 1775.

Bishiya ɗaya, suna biyu

A tsarin Linnaeus kowace shuka na da suna mai kalma biyu da Latin. Ta farko sunan zuriya ce da 'yan'uwa ke tarayya a cikinsa, ta biyu kuma ita ke ware nau'i guda daga sauran. Linnaeus yana rarraba tsirrai ne ta hanyar ƙirga sassan furensu, kuma furen balasan na da silin barbara guda takwas. Wannan ya sa Forsskål da malaminsa suka sanya shi cikin zuriyar Amyris, wadda aka sani daga tsibiran Karebiyan, saboda ita ma haka furenta yake.

A watan Disambar 1764 aka gabatar da wani kundi kan balasan a Jami'ar Uppsala ƙarƙashin Linnaeus. Matsalar ta fara ne daga ganye. Reshen da ya zo daga Yemen ƙananan ganye uku-uku ne a kan kowane sili, alhali wanda aka kwatanta daga lambun Masar yana da biyar ko bakwai. Linnaeus ya ɗauka nau'i biyu ne. Ya kira na Yemen Amyris gileadensis, na Masar kuma Amyris opobalsamum, daga kalmar Girkanci mai nufin ruwan balasan.

Da littafin Forsskål ya fito a 1775 sai al'amarin ya ƙara dagulewa, domin shi a rubutunsa bishiyar Yemen ɗin ce ya kira Amyris opobalsamum. Suna ɗaya ya zama yana nufin abu biyu, gwargwadon littafin da mutum ya buɗe. Sai daga baya masana suka gamsu cewa yawan ganyen yana bambanta a cikin nau'i guda, kuma bishiyar ɗaya ce.

Sunan Makka ya faɗi sau biyu

Akwai wanda ya yi yunƙurin sanya Makka a cikin sunan. A 1782 masanin tsirrai na Berlin, Johann Gottlieb Gleditsch, ya ware wa bishiyar zuriyarta ya kira ta Balsamea meccanensis, wato balasan Makka. Ya yi daidai da ya fitar da ita daga Amyris, domin daga baya an tabbatar cewa Amyris dangin lemo ce, balasan kuwa dangin lubban ne.

Amma ƙa'idar sanya wa tsirrai suna ta ƙasa da ƙasa tana fifita wanda ya riga. Ana fara lissafi daga ranar 1 ga Mayun 1753, kuma sunan nau'in da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke bin shukar duk zuriyar da aka mayar da ita. Gleditsch ya makara da shekara 18, don haka kalmar meccanensis ta faɗi.

Rabin farko na sunan, Balsamea, shi ya kamata ya tsira bisa wannan ƙa'ida, tunda ya girmi Commiphora da shekara 15. Nikolaus von Jacquin na Vienna ne ya ƙirƙiro Commiphora a 1797, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin mai ɗauke da ƙaro. A 1824 kuma Carl Kunth ya zo da wani sunan, Balsamodendrum, wanda littattafan magunguna na ƙarni na 19 suka yi ta amfani da shi.

Bajamushe Adolf Engler ne ya tattara dangin gaba ɗaya a 1883 ƙarƙashin Commiphora, kuma aikinsa ya karɓu. Ƙa'idar ta ba taron masana damar kare sunan da ya riga ya yaɗu ko da akwai wanda ya girme shi, domin kauce wa sauya sunayen nau'o'i masu yawa a lokaci guda. An sanya Commiphora cikin jerin sunayen da aka kare, aka jingine Balsamea.

Engler ya kira bishiyar Commiphora opobalsamum. A 1922 masanin Denmark Carl Christensen ya sake bin busassun tsirran Forsskål da ke ajiye a Copenhagen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko kalmar da Linnaeus ya rataya wa reshen Yemen ya haɗa ta da zuriyar da Engler ya tabbatar. Shi ya sa ake rubuta cikakken sunan Commiphora gileadensis (L.) C.Chr. Harafin da ke cikin baka na nuna Linnaeus ne ya fara raɗa sunan, na ƙarshen kuma Christensen ne ya mayar da shi inda yake yanzu.

Me ya sa ba a gyara ba?

Bishiyar na fitowa da kanta a Saudiyya da Yemen da Oman, da kuma tsallaken Bahar Maliya daga kudu maso gabashin Masar zuwa Sudan, Eritiriya, Habasha, Somaliya har arewacin Kenya. Babu Jodan a ciki. Duk da haka ƙa'idar ta hana a yi watsi da suna don kawai ma'anarsa ba ta dace ba. Shukar jojoba ta hamadar Amurka da Meziko har yanzu tana amsa sunan Simmondsia chinensis, wato ta Sin, saboda kuskuren da aka yi tun farko.

Dalilin shi ne sunan kimiyya alama ce da aka ɗaure a jikin wani samfur da ke ajiye a ma'ajiya, wanda kowa zai iya zuwa ya duba. Da za a riƙa sauya shi duk lokacin da aka gano wani sabon abu game da shukar, da bincike na shekaru ya warwatse. Ba kasafai ake karya wannan ba. A babban taron masana tsirrai na Madrid a Yulin 2024 an amince a gyara sunaye sama da 200 masu ɗauke da wata kalmar cin zarafin baƙar fata a kudancin Afirka, amma kuskuren wuri bai shiga cikin abin da aka taɓa ba.

Ita kanta alaƙar da Gileyad ta ƙara shiga shakku. A 2024 wasu masu bincike ƙarƙashin Sarah Sallon sun wallafa bayanin wata bishiya da suka tsirar daga ƙwayar iri mai kimanin shekara 1,000, da aka tono a wani kogo a hamadar Yahudiya. 'Yar zuriyar Commiphora ce, amma ba basham ba ce, kuma ba ta da ƙamshi. Sun yi hasashen cewa mai yiwuwa irinta ce tushen maganin da Attaura ta ambata.

Dashi ɗan'uwanta ne

Wannan dangi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dashi, wanda manoma ke kafa shinge da shi, Commiphora africana ne, kuma shi ma ya bi irin wannan hanya: an fara kiransa Heudelotia africana, ya ratsa ta Balsamodendrum, kafin Engler ya mayar da shi Commiphora. Hano kuma, wanda ake turare da ƙaronsa, Boswellia dalzielii ne, sunan da aka sa don tunawa da likita John Dalziel da ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Tarin sunayen na da tasiri a aikace. Masu bincike a jami'o'in Saudiyya da wasu ƙasashe sun wallafa nazarce-nazarce kan sinadaran basham, wasu da sunan opobalsamum wasu da gileadensis. Ɗalibin da ya nemi ɗaya kawai a intanet zai rasa wani ɓangare na abin da aka rubuta, ko ya zaci tsirrai biyu ne.

A kasuwa haɗarin ya fi girma. A ƙasashen da ake jin Ingilishi, ana sayar da tohon wata bishiya ta Arewacin Amurka da kuma wani ganye na tsibiran Canary da laƙabin maganin Gileyad, alhali babu abin da ya haɗa su da basham. Ga alhajin da ke son tsarabar man balasan, ko mai shagon magungunan Musulunci a Kano ko Maraɗi da ke odarsa daga waje, kalmomin Latin biyu da ke jikin kwalba ne ke nuna wace shuka aka ce an tatso, ko da yake ba sa tabbatar da cewa ba a gauraya man ba.

A Hijaz kuwa, mutanen karkara na ci gaba da yankar rassan bishiyar suna yin asawaki da su, kuma sunan da suke kiran ta da shi, basham, shi ne wanda Burckhardt ya ji a bakin Larabawan yankin sama da shekara 200 da suka wuce.